Gansakuka a Garka: Asarar da ke Farawa daga Fangali, ta Ƙare a Kasuwa

Duk wanda ya saba yin sammako zuwa garake, ko a bakin Gulbin Maradi ne, ko a Mirya, ko a Ƙonni, ko kuwa a gaɓar kogin Isa a Yamai, ya san wannan koren abu mai santsi da ke kwanciya a kan ruwan basan, yana manne wa bakin rijiya, yana kuma rufe fuskar fangali kamar an shimfiɗa tabarma. Gansakuka ke nan. Da yawa daga cikinmu mun ɗauke ta abin banza, wasu ma gani suke alama ce ta cewa garka tana shan ruwa yadda ya kamata. To amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk inda gansakuka ta yi shimfiɗa akwai abin da ya lalace, kuma sau da yawa ba mai garka kaɗai ke ɗaukar asarar ba, har da ƴar kasuwar da ta ba shi kuɗi tun kafin kaya su nuna, tana jiran salati ko shu da za ta kasa a kan teburinta.

Wannan ne ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu tsaya a kan wannan abu da ake rainawa, mu duba abin da ke kawo shi, da ɓarnar da yake yi, da kuma hanyoyin da za a bi a rabu da shi ba tare da an zubar da kuɗi a banza ba.

Mece ce gansakuka?

A bakin Bahaushe suna ɗaya ne, amma masana tsirrai sun raba ta gida uku. Akwai ta ruwa, wadda ke mayar da ruwan basan kore, ko ta yi zare-zare kamar gashi a cikin magudanar ruwa. Akwai ta ƙasa, wadda ke yin ɓawo mai duhu, tsakanin kore da baƙi, a kan fangali; idan ta jiƙe sai ta yi santsi, idan ta bushe sai ta tsattsage ta nannaɗe kamar ƙanzon tuwo. Sannan akwai ta uku, mai laushi kamar karan-miski, wadda ake gani da damina a gindin katanga, da ƙarƙashin randa, da inuwar mangwaro. Ita wannan ta ukun ƙaramin tsiro ce, tana da ganyayyaki ƙanana ƙwarai, sai dai ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta kuma yin ƴaƴa. Ta hanyar wata ƙura mai kama da gari take yaɗuwa, iska da ruwa su kai ta ko'ina.

Kada a haɗa ta da kainuwa, wadda ke yawo a kan tafki da ganyenta da saiwoyinta, ko kacala da ke cinye bakin tafkuna. Waɗannan ciyayi ne manya, kuma maganinsu daban ne.

Abin lura shi ne, irin gansakuka yana nan a kowace garka, a cikin ƙasa da ruwa da iska, ba wanda zai iya hana shi shigowa. Abin da mai garka ke da iko a kansa shi ne ya hana ta samun wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke kawo ta

Na farko shi ne ruwan da ya yi yawa. A da, lokacin da ake ɗebo ruwa da guga ko da jigo, ana ban ruwa da ƙwarya, wahalar ɗiba ita kanta ta isa ta hana mutum yin almubazzaranci. Tun bayan fari na shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta dage wajen kiran jama'a zuwa ga noman rani, garake suka yawaita a ƙasar nan, daga baya kuma ƙananan injunan ban ruwa suka shigo, yanzu har da masu aiki da hasken rana. Wannan ci gaba ne babba, sai dai ya zo da wata ɗabi'a: a tayar da inji, a saki tiyo, a tafi hira, a dawo a tarar fangali ya zama kududdufi. Mai inji mai aiki da rana ma ya fi faɗawa cikin wannan, tun da ba ya sayen mai, gani yake ruwan kyauta ne.

Na biyu shi ne ƙasar da ta danne. Laka ta fadama idan ana yawan taka ta tana jiƙe, ko aka daɗe ba a sa mata takin gida ba, sai ta toshe, ruwa ya riƙa kwana a samanta ba ya shiga ciki. Ambaliya ma tana barin irin wannan matsala. Bayan ruwan da ya cika garaken Yamai a shekarar 2020, da wanda ya yi ɓarna a jihar Maradi da sauran jihohi a 2024, duk garkar da ruwa ya kwanta a cikinta an bar ta da laka mai laushi a sama, irin wadda gansakuka ke so.

Na uku shi ne takin zamani da aka watsa a sama ba a rufe ba. Urea, wanda kashi 46 cikin 100 na nauyinsa sinadarin naitrojin ne, da kuma 15-15-15 mai ɗauke da fosforas, abinci ne ga shuka, amma abinci ne kuma ga gansakuka. Idan aka watsa su a kan jiƙaƙƙen fangali, ko ruwa ya wanke su zuwa cikin basan, ita ce ke fara ci kafin saiwar albasa ta samu. Haka ma kashin kaji ko na dabbobi da bai ruɓe ba.

Na huɗu ya rabu biyu. Gansakukar ruwa rana take so: basan da ke buɗe, rana na dukansa tun safe har yamma, cikin ƴan kwanaki yake yin kore. Ita kuwa mai laushin nan ta ƙasa inuwa take so, inda ƙasa ba ta bushewa, iska kuma ba ta ratsawa.

Ta ina asarar ke shigowa?

Wurin da ta fi yin ɓarna shi ne wurin renon iri. Irin salati, da na albasa, da na shu ƙanana ne, ba a binne su da zurfi. Idan ɓawon gansakuka ya rufe fangali, tsiron da ke ƙoƙarin fitowa sai ya kasa huda shi. Ɓawon idan ya bushe ruwa ba ya ratsa shi sosai, sai ya gangare gefe. Mai garka ya ga shuka ta yi yaushi, ya ƙara ruwa, gansakuka ta ƙara kauri. Bugu da ƙari, damshin da ke rayar da ita shi ne ke rayar da cutar nan da ke kama ƙaramin tsiro a wuya, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya ruɓe ya kwanta. Mutum zai bar fangali lafiya lau da yamma, ya dawo da safe ya tarar da tsire-tsire a kwance kamar an bi su da wuƙa.

A nan ne lissafin kasuwa ke shigowa. Irin albasa, kamar ta Galmi da ƙasar nan ke alfahari da ita, yana ɗaukar kwana 40 zuwa 50 a wurin reno kafin a dasa. Salati kuwa mako 3 zuwa 4. Wanda irinsa ya mutu, bayan kuɗin iri da ya yi asara, sai ya sake sabon reno, ya koma baya da wata ɗaya ko fiye. Kowa kuma ya san bambancin wanda ya shigo da kaya a farkon lokaci, masu saye na rububi, da wanda ya shigo lokacin da kasuwa ta cika, ana roƙon mutane su saya. Matar da ta ba da kuɗinta a kan fangali goma tana jiran salati kafin azumi ko kafin wani buki, idan kayan suka zo bayan lokaci, ribar da ta ƙirga ta tafi, wani zubin ma har uwar kuɗin ta taɓu.

Sai ɓarnar kayan aiki. Zaren gansakuka yana toshe rariyar da ke bakin tiyon zuƙo ruwa, inji ya yi ta ƙugi yana shan mai, ruwan da ke fita kuwa kaɗan ne. Masu ban ruwa na ɗigo-ɗigo, irin tsarin da cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore ta yi ta yaɗawa a shekarun 2000, su suka fi kowa sanin wannan, domin ramukan tiyonsu ƙanana ne ƙwarai, gansakuka kaɗan ta isa ta toshe su. Sai a ga layi ɗaya na tumatur yana kore shar, na kusa da shi yana bushewa, alhali daga tanki ɗaya suke sha.

Akwai kuma batun lafiya. Ƴaƴan sauro suna cin gansakuka, suna kuma ɓuya a cikinta, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi. Basan da aka bari da koren ruwa mako biyu ba a kwashe ba, masana'antar zazzaɓin cizon sauro ce a bayan gida. Ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya su ma gansakuka ce abincinsu a magudanan ruwa da bakin tafki. Har ila yau, akwai wani nau'i da ke taruwa a kan ruwan da ya daɗe a tsaye, kamar an zuba koren fenti, wanda kan fitar da guba mai iya kashe tumaki da awaki da karnuka. Duk ruwan da ya yi irin wannan kama, ko yake wari, kada a shayar da dabba da shi. Ba ma sai mun yi dogon bayani a kan santsin bakin rijiya da na famfon kasuwa ba, inda mata ke ɗaukar ruwa a ka, wasu da goyo a baya.

Gazon na gidaje da ma'aikatu

A Yamai, da ma Maradi da Damagaram, akwai masu sana'ar shuka ciyawar ado, wadda aka fi sani da gazon, a gidajen masu hali da otal-otal da ma'aikatu. Su ma wannan matsala tana cin su, domin idan ciyawa ta fara mutuwa gansakuka ta maye gurbinta, mai gida ba ya tambayar dalili, mai kula da garkar yake ɗora wa laifi, wani lokaci har ya rasa aikinsa.

Gaskiyar magana ita ce, gansakuka ba ta kashe ciyawa mai ƙarfi. Inda ciyawa ta riga ta yi rauni nan take zama. Ciyawar da aka fi shukawa a nan dangin kiri-kiri ce, ita kuwa rana take so. Duk wanda ya shuka ta a ƙarƙashin bedi ko mangwaro mai duhu, ko a lungun da katanga ta tare rana, ko me ya zuba mata ba za ta yi kauri ba. Sannan ga aski har ƙasa da wasu ke yi mata don kada su dawo da wuri, ga yara da motoci na taka ta, ga ban ruwa safe da yamma ko da an yi ruwan sama a watan Agusta.

Maganin a nan shi ne a kankare gansakukar da manjagara, a bi wurin da cokalin haƙa mai yatsu ana huda ƙasa zurfin yatsa ɗaya zuwa biyu, a share yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki cikin ramukan, sannan a sake dasa ciyawa a inda ya yi sanƙo. A sassabe rassan itace don rana ta samu shiga, a riƙa barin ciyawar da ɗan tsawo idan an zo yanka, a kuma ba ta ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako maimakon yayyafi kullum. Inda kuwa inuwa ta yi yawa, gara a faɗa wa mai gida gaskiya ya zuba tsakuwa ko ya sa furanni masu son inuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da mai garka zai yi

A fara da ruwa. Kafin a ba fangali ruwa, a tura yatsa cikin ƙasa. Idan akwai damshi a ƙasan gaɓa ta biyu, shukar da ta riga ta kama ƙasa za ta iya jira. A lokacin sanyi yawancin kayan garka kimanin lita 5 zuwa 6 suke buƙata a rana a kan kowane murabba'in mita, a bazara kuma abin ya kan haura zuwa 8 ko fiye. Ke nan fangali mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1, butar ban ruwa mai lita 10 sau biyar ko shida ta ishe shi a lokacin sanyi. Duk wanda ya gwada wannan da abin da tiyonsa ke zubarwa zai sha mamaki. A fi ba da ruwan da safe, domin fuskar ƙasa ta samu ta sha iska kafin dare.

Wurin renon iri kuwa, a ɗaga shi sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, musamman a ƙarshen damina, a gauraya ƙasar da yashi da takin da ya ruɓe sosai. A shuka iri a layi, kada a watsa shi cunkus, a rufe da yashi marar kauri. Ciyawa ko karan da aka rufa a kai, a ɗage su da zarar tsiro ya fito. Idan an ga fuskar ƙasa ta fara kore, a sa ƙaramin tsinke a farfasa ta tsakanin layuka a hankali, a barbaɗa busasshen yashi, a rage ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Taki kuma a rufe shi da ƙasa, kada a bar shi a sama, a kuma raba shi kashi biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya. Tarin taki ya yi nesa da rijiya da basan.

Shi basan, maganinsa mafi arha shi ne duhu. A rufe shi da zana, ko asabari, ko kwano, ko baƙar leda a kan sanduna. Gansakuka ba ta rayuwa inda babu haske, rufin kuma yana rage ruwan da rana ke shanyewa. A kwashe ruwan ƙaf sau ɗaya a mako, a goge bango da burushi, a bar shi ya sha rana na ƴan sa'o'i. Wanda zai sayi tanki ko tiyo, ya zaɓi baƙi ko mai duhu, domin fari da haske ke ratsawa a cikinsa gansakuka ke tsirowa. Masu ɗigo-ɗigo su riƙa wanke rariya kullum, su buɗe ƙarshen layuka lokaci-lokaci ruwa ya koro dattin.

Hattara da magungunan kanti

Akwai garin da ake kira sulfate de fer, wanda ke ƙone gansakukar gazon ta yi baƙi cikin ƴan kwanaki. Yana aiki, amma yana barin tabon tsatsa a siminti da tayil da tufafi wanda ba ya fita, kuma idan ba a gyara ruwa da inuwa ba, gansakukar za ta dawo. Akwai kuma shuɗin gari mai suna sulfate de cuivre da wasu ke zubawa a ruwa. Wannan yana kashe kifi, yana da haɗari ƙwarai ga tumaki, yana kuma taruwa a cikin ƙasa shekara da shekaru. Ruwan Javel yana da kyau wajen wanke basan da babu ruwa a ciki, a ɗauraye shi sosai daga baya, amma ba a zuba shi a fangali. Gishiri da baƙin mai kuwa kashe ƙasa suke yi baki ɗaya.

Littattafan Turai da yawa suna ba da shawarar a zuba farar ƙasa, domin ƙasarsu tana da tsami. A nan sai an lura. Ƙasar jigawa mai yashi takan yi tsami, amma garake da yawa a fadama suke, wasu ma, kamar na yankin Korama da Dallol Boso, da ma kanwa ce ke damunsu. Wanda ya ƙara farar ƙasa ko toka mai yawa a irin wannan wuri, ya ƙara wa kansa ciwo. Kafin a sayi kowane magani, a nemi malamin gona na yanki, ko ma'aikatan ONAHA ga waɗanda ke cikin filayen da take kula da su, irin su Jiratawa da Ƙonni.

Kira ga ƴan kasuwa

Ƴan uwa mata masu sarin kayan garka, kafin ku ba da kuɗi a kan fangali, ku je ku gani da idonku. Ku dubi fuskar ƙasa, ku leƙa basan, ku ɗaga ganyen salati na ƙasa ku ga ko ya fara ruɓa. Kayan da suka tashi a cikin ruwa mai yawa suna da kyan gani da safe, amma ba sa jimre wa zafin kasuwa. Albasar da aka cika wa ruwa da urea gab da cira kuwa ba ta daɗewa a rumbu. Kada ku yarda a wanke muku kaya a koren ruwan basan, domin ruwan da ya daɗe a tsaye, taki na gangarowa cikinsa, shi ne ke ɗauke da ƙwayoyin gudawa, kuma salati ɗanye ake cin sa. Mai saye da ya yi ciwon ciki sau ɗaya ba zai tambayi sunan mai garka ba, teburinki zai ƙaurace wa. Masu sayar da tiyo da tanki da magunguna su ma su riƙa faɗa wa manomi gaskiya, domin wanda ya ga amfanin shawararka shi ne zai dawo baɗi.

Duk da haka, ba za mu rufe ba sai mun ba gansakuka haƙƙinta. Wadda aka kankaro daga basan, idan aka jefa ta cikin ramin taki ta ruɓe, taki ce mai kyau. Masu kiwon karfasa da gangan suke barin ruwansu ya yi ɗan kore, domin abincin kifin ke nan. Ɓawon da take yi a kan saurar da aka bari tana hutawa yana riƙe yashi, ya hana iska kwashe shi. A ƙasar Cadi ma, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani nau'inta daga tafkunan kanwa, su shanya shi ya zama abin da suke kira dihe, su kai kasuwa a saya a yi miya da shi.

Saboda haka, idan aka ga kore ya fara bayyana a fangali, kafin a ruga kanti neman magani, a fara duba tiyo, a duba inuwa, a duba inda aka zuba taki. Yawanci a nan amsar take, kuma ba ta cin ko dala. Muna yi wa manoma da ƴan kasuwa fatan rani mai albarka da kasuwa mai riba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.